Daga ƙofar bulok zuwa gadon jinya: maganar da ke faɗuwa a hanya

 

An ce in yi magana kan lafiyar wanda aka yi wa fiɗa. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya kan wani ɗan lokaci wanda sau da yawa bai kai minti biyar ba. Shi ne lokacin da ake fito da mutum daga bulok a miƙa shi ga waɗanda za su kula da shi a ɗakin kwanciya, da kuma lokacin da masu gardin dare ke miƙa aiki ga masu safe. Cikin waɗannan mintoci ne abin da wani ya sani game da majinyaci ya kamata ya koma kan wani. In bai koma ba, majinyacin yana kwance a gado mai kyau, sirom na ɗiga, amma ba wanda ya san abin da ya kamata a tsorata da shi.

Mu a nan, da zarar an turo gado daga bulok sai a yi hamdala, a buga waya ƙauye a ce an yi aiki an gama lafiya, dangi su fara watsewa. Hamdala ta dace. Watsewar ce ta yi wuri. A 2016 likitoci na ƙasashe 25 na Afirka, har da Nijar, sun bi marasa lafiya 11,422 da aka yi wa fiɗa a asibitoci 247, kowane asibiti na tsawon mako guda, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2018. Mutum 239 suka rasu. Cikinsu 225 ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, wato kashi 94 cikin 100. Kuma mutanen nan sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ba su da tarin cututtukan tsufa irin na Turai, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu. A 2019 aka ware matan da aka yi wa sezariyan cikin wannan binciken, aka ga mutuwarsu ta ninka ta ƙasashe masu arziki kamar sau 50. Mu da aka ce sezariyan kyauta ce tun 2005, wannan lissafi namu ne. Yadda kyautar take a aikace kowa nan ya sani, amma ba shi ne zancen yau ba.

To ina ake rasa mutanen? A ɗakin kwanciya, da dare, ranar Asabar da Lahadi, lokacin da likitan da ya yi aikin ya tafi gida ko ya shiga wani aikin.

Bari mu ɗauki misali, don magana ta zauna. Mace ce aka kawo daga CSI na ƙauye bayan doguwar naƙuda, aka yi mata sezariyan ƙarfe uku na dare. Mutum biyu sun san abin da ya faru a ciki. Likita ya san mahaifa ta yi jinkirin tsukewa, ya san ta zubar da jini fiye da yadda aka saba, ya san ya bar ƴar roba a ciki don ruwa ya fita. Mai sa barci ya san allurar baya ya yi mata, tansiyo ya faɗi sau biyu ya tada shi, ya san ƙarfe nawa ya ba ta maganin zafi da na kashe ƙwayoyin cuta. Duk wannan yana cikin kawunansu. Sai aka kawo wata mai jijjiga, suka juya kanta, kuma daidai suka yi. Mai tura gado ya kai ta farkon ɗaki, ya ce wa anfirmiye "ga ta sezariyan nan", ya aje dosiye a ƙafar gado ya koma. Takardar bayanin aiki ba a rubuta ba tukuna, sai da safe. Anfirmiye guda ce da ɗaliba mai koyon aiki, ɗaki cike. A idonta wannan mata ɗaya ce cikin masu sezariyan, kamar kowa.

Ga inda haɗarin yake. Mace mai ƙuruciya tana iya zubar da jini mai yawa a ciki tansiyonta bai motsa ba. Jiki yana rufa wa kansa asiri: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke, fitsari ya ragu. Tansiyo shi ne na ƙarshen faɗuwa, in ya faɗi kuwa an makara. Saboda haka ne ake cewa a awa biyun farko bayan haihuwa a riƙa duba mace duk minti 15, a ji bugun zuciya, a taɓa ciki a ji ko mahaifa ta yi tauri, a duba ƙyalle. Bugun zuciya 110 ga wadda aka san ta shigo da 80 ƙararrawa ce. Amma wanda ba a gaya masa 80 ɗin ba, zai ce zafin ciwo ne, ko tsoro. Adadi guda ba ya magana sai an aza shi kusa da na baya, na bayan kuwa yana hannun wanda ya riga ya tafi.

Haka magani. Farasitamol da ake sawa ta sirom ana ba babba duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini, don yana taɓa hanta. In an ba shi a bulok ba a faɗa ba, a ɗaki za a sake, mai jinya kuma ta sayo nata a farmasi ta ƙara, don tausayi. Maganin jijjigar masu ciki, silfat na manyeziyom, ya fi wannan tsanani: yana da lokacinsa, kuma kafin kowace allura sai an duba numfashi da fitsari, don in ya taru a jiki yana tsayar da numfashi. Wanda bai san ƙarfe nawa aka yi ta ƙarshe ba, ko ya tsallake jijjiga ta dawo, ko ya ninka.

Akwai kuma wata matsala wadda tamu ce ta gida, littattafan Turai ba su san ta ba. Sunaye. Ɗaki guda za ka samu Hadiza uku, Mariyama biyu, kuma biyu cikinsu sunan ubansu Abdu. Shekarun haihuwa an rubuta "wajajen" kaza. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji, sunan da ake kiran mutum a gida daban da na kati. Kunya ce, kuma abin mutunci ce, ban zo in soke ta ba. Amma ranar da za a ƙara jini, ledar jinin Hadiza ta gado na huɗu in ta tafi gado na bakwai, kunya ba za ta cece mu ba. Ma'aikata ma in sun saba cewa "ta gado na huɗu", su tuna ana sauya gado da dare. Suna cikakke, sunan uba, garin da aka fito, lambar dosiye: a faɗe su da baki duk lokacin da za a miƙa mutum, in mai jinya ba za ta iya furta sunan ba ta nuna kati.

Wani zai ce ai wannan duk talauci ne, da muna da kayan aiki da ba haka ba. Talauci yana ciki, zan dawo kansa. Amma ku ji wannan. A Landan akwai babban asibitin yara, Great Ormond Street, inda ake yi wa jarirai fiɗar zuciya. Kaya ba abin da babu. Duk da haka likitocinsu suka lura wurin da ya fi ba su tsoro shi ne ɗan tsakanin bulok da ɗakin kulawa ta musamman: kowa yana magana lokaci guda, wani na haɗa wayoyi, wani na ba da bayani ba mai saurare. Biyu daga cikinsu suna kallon tseren motoci a talabijin suka ga yadda makanikai ke sauya tayu huɗu cikin ƴan daƙiƙu ba mai karo da wani. Suka nemi mutanen Ferrari suka nuna musu yadda suke miƙa yaro. Abin da aka gyara ba na kuɗi ba ne. Aka sa mutum guda ya zama shugaban miƙawa. Aka ce a fara haɗa kaya shiru, sai an gama a yi bayani, mutum guda na magana saura na ji, sannan a tattauna abin da ake tsoro. Sakamakon da suka buga a 2007 ya nuna bayanan da ake mantawa sun ragu kusan da rabi. A Amurka da Kanada kuma, a wani bincike da aka buga a 2014, asibitocin yara tara sun gwada tsari guda na miƙa gardi, kurakuran da ke cutar da majinyaci waɗanda ake iya kauce wa suka ragu da kashi 30 cikin 100, kuma lokacin miƙawar bai ƙaru ba. Abin da na fi so a tsarin nasu shi ne na ƙarshe: wanda ya karɓa sai ya maimaita abin da ya ji. Mu ma mun san wannan. In ka aiki yaro kasuwa da saƙo uku, kana cewa "to faɗa mini, mi na ce?"

Ma'aikatanmu da suka yi karatu da Faransanci wataƙila sun ji SAED, wanda hukumar lafiya ta Faransa ta ɗauko daga wani tsari na Amurka. Tambayoyi huɗu ne kawai: mi ke faruwa yanzu, mi ya gabata, mi nake gani, mi nake so ka yi. Amfaninsa babba a wurinmu shi ne yana ba ƙarami bakin magana. Anfirmiye ƴar shekara 24 da za ta tada babban likita ƙarfe huɗu na asuba, in ba ta da tsari sai ta fara da ban haƙuri, ta kewaya, ta ce "kamar dai ba ta jin daɗi", shi kuma ya ce a ƙara sirom ya koma barci. In ta ce bugun zuciya ya tashi daga 90 zuwa 125 cikin awa guda, ƙyalle biyu sun jiƙe, ina ganin jini ne, ina so ka zo yanzu, ba likitan kirki da zai koma barci. Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, amma a asibiti likitan da ke yi wa ƙanana tsawa in sun kira shi yana koya musu su daina kira, kuma majinyaci ne ke biyan kuɗin wannan darasi.

Yanzu talaucin. Kada in yaudare ku da cewa takarda da tsari sun isa. Waɗancan likitocin Afirka da na ambata sun sake wani babban gwaji a ƙasashe 28, suka ce a ware marasa lafiya masu haɗari, a sa su kusa da teburin ma'aikata, a ƙara yawan duba su, a liƙa takardar gargaɗi a gadonsu. Sakamakon ya fito a 2021, mutuwa ba ta ragu ba. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da abin yadda aka tsara, don hannuwan da za su yi ba su isa ba. Wannan darasi ne ga mu masu fafutuka: in muka tsaya kan zagin anfirmiye, mun bar jaki muna dukan taiki. Mutum guda ba ya duba gado talatin duk minti 15. Neman a ɗauki ma'aikata, a biya ƴan kwantaragi kan lokaci, a samu jini a banki da wutar da ba ta ɗaukewa a bulok, duk cikin wannan maganar suke.

Amma akwai wani ma'aikaci da muke da shi a kowane gado, wanda Landan ba su da shi, kuma ba a lissafa shi. Mai jinya. Uwa, ko ƙanwa, ko kishiya, ko ɗa, wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙasan gado. Likita yana sauyawa, anfirmiye tana sauka gardi, ɗalibai suna zuwa suna tafiya. Ita ce kaɗai ba ta sauka. Ita ke zubar da fitsari, ita ke sauya zane, ita ta san ko ya yi amai da dare, ita ta san yadda idonsa yake lokacin da yake lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ita ce ake kora waje in za a yi zagayen likitoci, a yi bayani da Faransanci a kanta, a miƙo mata ordonansi ba kalma. Mun mayar da ita ƴar aike zuwa farmasi.

Ni a ganina miƙa majinyaci bai cika ba sai an miƙa shi ga mutum biyu: ma'aikacin da ya karɓa, da mai jinyar da za ta kwana. Da harshen da take ji, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, in ma'aikaci ba ya ji a nemo mai ji, asibitocinmu ba su rasa su. Minti biyu ya isa a ce mata: ga aikin da aka yi. Kada a ba shi komi ta baki sai mun ce. In kin ga ya yi fari, ko gumi mai sanyi, ko yana ta neman ruwa yana juye-juye, ko numfashi ya yi sauri, ko barci ya yi nauyi ba ya amsa kira, ko ƙyalle ya jiƙe da jini, ko ciki na kumbura, ki zo ki kira ni, ko ina barci ki tada ni. A nuna mata ledar fitsari a ce babba ya kamata ya yi kamar cokali biyu na miya duk awa, in rabin yini ya wuce leda ba ta motsa ba, magana ce. Wannan ba sai an yi lakwal ba. Matar da ke gane tunkiyarta ba ta da lafiya tun daga yadda ta tsaya, za ta gane wannan.

Maganar "kada a ba shi komi" ina so in ɗan daɗe a kanta, don nan ne ake yawan samun saɓani. A yankunanmu ana yawan yi wa yara fiɗa saboda taifot da ta huda hanji. An ɗinke hanji, yana bukatar hutu. Yaro yana kuka yana roƙon ruwa, leɓe ya bushe, kaka tana zaune tana kallo. In ba a gaya mata dalili ba, wallahi za ta ba shi, ko fura ce ko kunu ko rubutu, a ɓoye, kuma don ƙauna ta yi. In abu ya lalace a ce jahilcin dangi. Alhali ba wanda ya zauna ya ce mata: iya, hanjin an ɗinke shi kamar ƙwarya, in aka zuba abu yanzu zai yoyo cikin ciki, ruwan da yake bukata ga shi yana shiga ta hannu, ki jiƙa ƙyalle ki shafa masa a leɓe. Wanda aka ba dalili yana riƙe doka fiye da wanda aka yi wa tsawa. Mu ma dangi da namu nauyin. In majinyaci ya sha jiƙo ko sassaƙe kafin a zo, a faɗa. In yana da sikila, ko ciwon suga, ko wata allura ta taɓa sa shi kumburi da ƙaiƙayi, a faɗa wa kowane sabon ma'aikaci, kada a ce ai mun gaya wa na jiya. Kuma in masu jinya za su yi canji, wadda za ta tafi gida ta zauna da wadda ta zo ta ba ta labari duka. Wannan ma miƙa gardi ne, kuma yana lalacewa kamar na ma'aikata.

Kada ku ɗauka rena maganar dangi ciwonmu ne mu kaɗai. A Ingila wata yarinya ƴar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a 2021 a wani babban asibitin Landan, iyayenta suna ta cewa jikinta na lalacewa ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. Uwar ba ta yi shiru ba, har a 2024 aka fara aiki da wata ƙa'ida mai sunan yarinyar, wadda ta ba dangi damar kiran wata tawagar likitoci daban su zo su duba in suna ganin ba a saurare su. Mu ba mu da tawagar da za a kira. Amma muna da manjo a kowane sashe, kuma ba abin da zai hana a rubuta a bango, da Hausa da boko da ajami, wanda za a nema in an kira na gardi bai zo ba.

Sai miƙawa ta ƙarshe, ranar sallama. Mutum ya fito daga Dakwaro ko Tanut ko Abalak, an yi masa aiki a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, zai koma inda likitan fiɗa ba ya zuwa. Wasu ma daga ƙetaren iyaka suke. Wanda zai wanke ciwon a CSI bai ga aikin ba. A tsarin lafiyarmu akwai takardar da ya kamata ta raka majinyaci komawa, kamar yadda wata ta rako shi zuwa, amma sau nawa ake cika ta? Kafin ku ɗaure kaya ku tambaya: wane aiki aka yi, da sunansa a rubuce. Yaushe za a cire zare, kuma a ina. Wane magani, har kwana nawa. Mi za mu gani mu dawo ba jira. Mace mai sezariyan ta san dalilin da ya sa aka yi mata, don cikin gaba a asibiti ya kamata ta haihu, kuma ungozomar da za ta karɓe ta bayan shekara biyu ko uku wannan takardar kaɗai za ta gani. A aje ta inda ake aje takardar gona.

Ku da ke zaune cikin kwamitocin COGES, ko kuke da hanyar ganin shugabannin asibiti, ga abin da nake roƙo ku kai teburi a zama na gaba. Kada a fito da mutum daga bulok sai da wanda ya san aikin ya rako shi, ko da mai sa barci ne, ya yi magana da mai karɓa fuska da fuska. A riƙa miƙa gardi a bakin gado, ana ganin majinyaci, mai jinya tana tsaye. Kuma in an rasa wani bayan fiɗa, ma'aikata su zauna su bi sawun awa 24 na ƙarshe, su ga a ina magana ta yanke, ba tare da an nemi wanda za a rataya wa laifi ba, don in ana rataya ba wanda zai faɗi gaskiya. Ku tambaye su kuma mutum nawa ke gardin dare a sashen fiɗa da na haihuwa, da gado nawa, ku rubuta adadin ku kawo muna. Da shi za mu je ma'aikatar lafiya ta jaha.

Na ga manyan ungozomomi biyu a zaune nan gaba, sun fi ni sanin abin da ke faruwa ƙarfe uku na dare, zan so a fara ba su makirfo kafin tambayoyi.